Kada Biyu, Labari Biyu: Tarihi a Jikin Sulallan Lardunan Daular Rum

Gabatarwa

Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta babin zakka ko na sadaki, ya san dinari da dirhami. Sai dai ba kowa ne ya san cewa waɗannan kalmomi biyu baƙi ne, ko a cikin Larabcin da muka aro su daga gare shi ba. Dinari ya samo asali ne daga denariyus, wato kuɗin azurfa na Rumawa, shi kuwa dirhami daga dirakma, kuɗin Girkawa. Kalmomin sun yi doguwar tafiya har suka iso bakinmu, su kuwa kuɗaɗen da suka haife su suka kwanta a cikin ƙasa, sai fa waɗanda garmar manomi ko digar mai haƙa ta tono.

Wannan muƙala za ta dubi wani rukuni na waɗancan kuɗaɗe, wato tsabar kuɗin da birane da lardunan Daular Rum suka riƙa bugawa da kansu. Domin sauƙin bayani za mu riƙa kiran ɗaya daga cikinsu sule, jam'insu kuma sulalla. Za a yi bayanin asalinsu, da yadda ake karanta hotunan da ke jikinsu, da kuma tarihin mutanen da suka shafe rayuwarsu wajen tara su. Abin da muke son mai karatu ya riƙe shi ne, hoton da ke jikin sule ba ya buɗe baki ya yi magana har sai an san wanda ya buga shi, da inda aka buga shi, da lokacin da aka buga shi. Shekarun da za a ambata duk na Miladiyya ne, sai fa inda aka ce kafin Miladiyya.

Mene ne Sulallan Larduna?

A lokacin da Daular Rum ta kai ganiyar faɗinta, wato a ƙarshen mulkin Kaisar Tarajan a shekarar 117, ikonta ya tashi daga Birtaniya har ya haye Kogin Furatu, ya kuma mamaye gaɓar Afirka ta Arewa baki ɗaya. Gwamnatin tsakiya takan buga zinariya da azurfa domin biyan sojoji da karɓar haraji, amma ba ta ɗauki nauyin wadata kowace kasuwa da ƙananan kuɗin canji ba. Saboda haka aka bar wa birane, musamman na gabas masu magana da Girkanci, damar buga nasu kuɗin na tagulla, kamar yadda suka saba tun kafin zuwan Rumawa. Birane sama da 500 ne suka yi haka a lokuta daban-daban cikin kimanin shekara 300, kuma a zamanin Kaisar Sabtimiyus Seberus (193 zuwa 211) da iyalansa, garuruwan da ke bugawa sun haura 300.

Me ya sa gari zai ɗora wa kansa wannan ɗawainiya? Wani rubutu da aka sassaƙa a kan dutse a garin Sestos, tun a ƙarni na 2 kafin Miladiyya, ya ba da dalili biyu: domin tambarin garin ya riƙa yawo a hannun jama'a, da kuma domin baitulmalin garin ya ci riba. Ribar kuwa daga canji take fitowa. Wani rubutun daga birnin Fargamum, na zamanin Kaisar Hadiriyan, ya nuna cewa 'yan canjin da gari ya ba izini sukan karɓi tagulla 18 kafin su ba da denariyus ɗaya, amma wanda ya kawo musu denariyus, tagulla 17 suke ba shi. Har masu sayar da kifi sun shiga cikin ƙarar da aka kai wa Kaisar a kan zalamar waɗannan 'yan canji. Ashe ke nan sulen lardi kuɗin cefane ne, kuɗin burodi da mai da kifi, wanda ya fi kowane irin kuɗi shiga hannun talaka.

Galibin sulallan fuska biyu suke da su masu murya biyu. A gaba akwai kan Kaisar da sunansa da laƙubbansa, a baya kuwa sai gari ya sa abin da yake tinƙaho da shi: abin bautarsa, ko ɗakin bautarsa, ko koginsa, ko gwarzon da ya kafa shi. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Birnin Samirna ya sa mawaƙi Homa, domin yana da'awar shi ne mahaifarsa. Garin Niyafolis, wato Nabulus ta yau, ya sa Dutsen Gerizim da matakalarsa. Basara ta ƙasar Sham, wadda Rumawa ke kira Bostara, ta sa raƙumi. Shi kuwa Labtis Magna, a ƙasar Libiya ta yau, ya rubuta sunansa da haruffan Funikawa a bayan kan Kaisar Agustus.

Yadda Ake Karanta Sule

Maƙerin wancan zamani yakan sassaƙa hatimi biyu na ƙarfe da hannu. Ɗaya a kafe yake a jikin uwar maƙera, ɗaya kuma a hannu. Sai a ɗora ɗan dunƙulen tagulla a tsakani, a sauke masa guduma. Wannan ne ya sa ba a cika samun sulalla biyu da suka yi kama ta kowace fuska ba: wani ya karkace, wani rubutunsa ya fita daga gefe, wani hatiminsa ya tsage. Daga irin waɗannan tabo ne masana ke gane sulallan da suka fito daga hatimi ɗaya. Da wannan dabara wani masani Bajamushe mai suna Konrad Kraft ya nuna, a cikin aikinsa da aka wallafa a 1972, cewa garuruwa da yawa na ƙasar Turkiyya ta yau hatimi ɗaya suka yi tarayya a kansa wajen buga kan Kaisar. Wato dai maƙera ƙalilan ne ke yi wa garuruwa da yawa aiki, kowane gari ya zaɓi abin da za a sa masa a baya.

Mai nazari yakan fara da rubutun gaba domin ya san sarki, sannan ya juya baya ya nemi sunan gari. Bayan haka sai ya tsaya a kan hoto, kuma a nan ne gaggawa ke kai mutum ta baro. Ga misali, a jikin sulalla masu yawa za a ga mutum riƙe da garma, shanu biyu suna ja. Wanda bai sani ba sai ya ce ai garin manoma ne. Alhali kuwa wannan hoto bikin kafa gari yake nunawa: a al'adar Rumawa, in za a kafa sabon mazauni na tsofaffin sojoji, akan ɗaura wa sa da saniya garma a ja kunya guda kewaye da filin, inda ganuwa za ta bi. Garin da ya sa wannan hoto yana shaida wa maƙwabtansa ne cewa shi yana da daraja irin ta 'ya'yan Rum. Haka nan mace mai rawani irin na ganuwa, ba sarauniya ba ce, garin ne da kansa aka siffanta. Dattijo mai gemu da ke kishingiɗe a kan tulu mai zubar da ruwa kuwa, kogi ne.

Kadan Nim da Kadan Iskandariyya

Babu misalin da ya fi na kada fito da abin da muke nufi. A shekarar 31 kafin Miladiyya, Oktabiyan, wanda daga baya aka yi wa laƙabi da Agustus, ya karya rundunar ruwa ta Antoniyo da Sarauniya Kiliyobatra a yaƙin Aktiyum. Shekara ɗaya bayan haka Masar ta faɗa hannun Rum. Ba a daɗe ba sai garin Nemausus, wato Nim da ke kudancin Faransa a yau, ya fara buga wani sule na tagulla. A gaba akwai kan Agustus da na jarumin yaƙinsa Agiriffa, sun ba juna baya. A ɗaya fuskar kuwa ga kada ɗaure da sarƙa a jikin reshen dabino. Kadan shi ne Masar, dabinon alamar nasara, sarƙar kuwa ba ta buƙatar tafinta. An buga wannan sule da yawan gaske, har mutane sukan raba shi biyu domin samun canji, Agustus a ɓari ɗaya, Agiriffa a ɗaya ɓarin. Tun daga shekarar 1535 kuma wannan kada mai sarƙa ya zama tambarin birnin Nim.

Yanzu sai mu ƙetara teku zuwa ita Masar ɗin, mu ga yadda kada yake a gidansa. Rumawa sun tarar da Masar tana da tsarin kuɗi na kanta, wanda ba ya barin kuɗin waje ya yi yawo a cikin ƙasa, suka kuma bar shi yadda yake. Baƙon da ya sauka a tashar jiragen ruwa ta Iskandariyya dole ne ya canza kuɗinsa zuwa na ƙasa. Babban sulen shi ne mai dirakma huɗu, wanda aka soma bugawa da sunan Kaisar a shekara ta 7 ta mulkin Tiberiyus, wato tsakanin 20 da 21. Nauyinsa kimanin giram 13 ne, azurfa ce gauraye da jan ƙarfe mai yawa, kuma darajarsa daidai take da denariyus ɗaya.

A bayan waɗannan sulalla, da kuma manyan na tagulla, sau da yawa akan ga Kogin Nilu a siffar dattijo, riƙe da kara a hannu ɗaya, da ƙaho cike da amfanin gona a ɗayan. A ƙarƙashinsa ko a gefensa ga kada, wani lokaci dorina. A nan babu sarƙa. Kadan abokin zaman kogi ne, shaidar ruwa da albarka. A jikin wasu har an rubuta lamba 16 da haruffan Girkanci. Wannan lamba ita ce tsawon kamu 16 da ake fatan ambaliyar kogin ta kai a kowace shekara. Marubucin nan na Rum, Filini, wanda ya rasu a 79, ya bayyana cewa in ruwa ya tsaya a kamu 12 to ƙasa ta shiga yunwa, in ya kai 14 a yi murna, in ya kai 16 kuwa an shiga daula. Ita kanta Roma da wannan lamba take kwana take tashi, domin kuwa masanin tarihi Yusufus ya ce alkamar Masar ce ke ciyar da birnin har wata huɗu a shekara. Dabba ɗaya ke nan, amma a Nim ganimar yaƙi ce, a Iskandariyya kuwa addu'ar damina.

Duk da haka, kada mai karatu ya ɗauka cewa muryar talakan Masar ce zalla yake ji. Gidan buga kuɗi na Iskandariyya a ƙarƙashin gwamnan da Kaisar ya naɗa yake, kuma rubutunsa Girkanci ne, harshen masu mulki da attajirai. Abin da ke jikin sulen shi ne Masar kamar yadda hukuma ta yarda a gan ta. A shekara ta 15 ta mulkin Hadiriyan, lokacin da ya ziyarci ƙasar a 130, an buga sule mai nuna Iskandariyya a siffar mace sanye da fatar kan giwa, tana miƙa wa Kaisar zangarniyar alkama, a wani kuma tana sumbatar hannunsa. Sarƙar ta ɓace daga hoto, amma wanda ya lura zai ga inuwarta.

Wata baiwa da sulallan Iskandariyya suke da ita, wadda ta sa masu tarawa ke ƙaunarsu, ita ce kwanan wata. Kusan kowanne yana ɗauke da wata alama mai kama da harafin L, wadda ke nufin shekara, sai harafin Girkanci da ke nuna shekarar mulkin Kaisar: A ɗaya, B biyu, I goma, K ashirin. Sabuwar shekarar Masar kuwa a ranar 29 ga Agusta take kamawa, kuma duk wanda ya hau mulki kafin wannan rana, da ta zo ya shiga shekararsa ta biyu. Shi ya sa Kaisar Galba, wanda ya yi wata bakwai kacal a kan mulki, daga Yunin 68 zuwa Janairun 69, yake da sulalla na shekara ta ɗaya da ta biyu. Wanda bai san kalandar Masar ba sai ya ƙara masa kwanan da bai yi ba.

Har ila yau, waɗannan sulalla sun adana mana kamannin abubuwan da suka shuɗe. Hasumiyar Iskandariyya, wadda aka kammala wajen shekarar 280 kafin Miladiyya domin haska wa jiragen ruwa hanya, tsawonta ya haura mita 100. Girgizar ƙasa ta yi ta cin ta, musamman ta 1303 da ta 1323. Ibn Baɗuɗa ya gan ta a 1326, da ya dawo a 1349 ya tarar ko ƙofarta ba a iya kaiwa, daga baya kuma Sarkin Musulmi Ƙaitabai ya gina sansaninsa a wurin daga 1477. Amma a jikin sulallan Tarajan da Hadiriyan da Antoninus Fiyus hasumiyar tana nan tsaye, da ƙofarta da ke can sama da ƙasa, da tagoginta, da gumakan da ke busa ƙaho a kusurwoyinta, da mutum-mutumin da ke bisa ƙololuwa. Da su, tare da bayanan marubutan Larabawa, Bajamushe Hermann Thiersch ya dogara wajen zana siffarta a 1909. Haka nan Serafis, wanda aka rushe ɗakin bautarsa a ƙarshen ƙarni na 4, muna ganinsa da gemunsa da mudun awon hatsi a bisa kansa, alamar shi ne ake roƙo yalwar abinci.

Akwatin Afamiya

Daga Masar sai mu nufi tsaunukan Firijiya, a tsakiyar ƙasar Turkiyya ta yau, inda wani gari mai suna Afamiya ya buga sulen da babu irinsa. Tun daga zamanin Sabtimiyus Seberus har zuwa na Tireboniyanus Gallus (251 zuwa 253), garin ya yi ta maimaita hoto guda. Akwai akwati buɗe yana yawo a kan ruwa, namiji da mace a ciki. Tsuntsu ɗaya yana zaune a kan murfin, wani kuma yana tahowa da reshe a ƙafarsa. A gefe ga mutanen nan biyu sun sauka a kan tudu, kowanne ya ɗaga hannun dama sama. A jikin akwatin an rubuta haruffa uku, NΩE, wato sunan Annabi Nuhu (A.S.) da Girkanci.

Yaya aka yi garin da hukumarsa ke bautar gumaka ya sa wannan ƙissa a kuɗinsa, a bayan kan Kaisar? Abubuwa biyu ne suka haɗu. Na farko, tun da daɗewa ana yi wa garin laƙabi da Kibotos, ma'ana akwati, kuma da wannan kalma ce aka fassara jirgin Annabi Nuhu a cikin Attaura ta Girkanci. Na biyu, akwai Yahudawa masu yawa da dukiya a yankin. Yusufus ya ruwaito cewa Sarki Antiyokus na Uku ya zaunar da gidajen Yahudawa 2,000 a Lidiya da Firijiya, kuma lauyan nan Sisero ya ambaci zinariya mai nauyin kusan laba 100 da wani gwamnan Rum ya ƙwace a Afamiya a shekarar 62 kafin Miladiyya, wadda Yahudawa suka tara domin aikawa Ƙudus. Da labarin ya zama na gari, sai manyan gari suka ga cewa a cikinsa akwai abin taƙama da babu maƙwabcin da zai iya ja da shi: a wajenmu jirgi ya tsaya, daga wajenmu duniya ta sake farawa.

Gasar Birane da Ƙarshen Al'amari

Taƙama irin wannan ita ce ruhin sulallan gabas. Biranen da aka raba da takobi sai suka koma yaƙi da laƙabi. A shekarar 26, garuruwa 11 na lardin Asiya suka aika da wakilai Roma, kowanne yana neman a ba shi izinin gina ɗakin girmama Tiberiyus, Samirna ta yi nasara. Garin da ya sami irin wannan izini yakan ɗauki laƙabin mai tsaron ɗaki, ya buga shi a kuɗinsa. Afisa da Samirna da Fargamum sun shafe fiye da ƙarni ɗaya suna ja-in-ja a kan wane ne na farko a Asiya, har Afisa ta kai ga buga sule mai ɗakuna huɗu jere a zamanin Elagabalus (218 zuwa 222). Mai huɗuba Diyo, mutumin Furusa, ya gargaɗi 'yan'uwansa Girkawa cewa Rumawa dariya kawai suke yi musu a kan wannan hali.

Sule yakan kuma ɗauki tabon siyasa. A ƙarshen 211 Karakalla ya kashe ƙanensa Geta, ya ba da umurni a shafe ambatonsa. A garin Sitaratonikiya an bi sulallan da ke ɗauke da kan Geta an kankare fuskarsa, aka mayar da su kasuwa. Gurbin da aka kankare ya zama shaida mafi ƙarfi a kan abin da aka so a ɓoye.

A yammacin daula, birane sun daina buga kuɗi tun a zamanin Kaligula da Kalaudiyus, kafin tsakiyar ƙarni na 1 ya wuce. A gabas kuwa al'adar ta ɗore har ƙarni na 3, lokacin da yaƙe-yaƙe suka yi wa daular rubdugu, har Sarkin Farisa Shafur ya kama Kaisar Baleriyan da ransa a 260. Gwamnati ta yi ta rage azurfar kuɗinta har ya koma kusan tagulla tsantsa, farashi ya tashi, ya zamana buga ƙaramin sule asara ce ga gari. Yawancin garuruwa sun ajiye guduma a zamanin Galliyenus (253 zuwa 268), na ƙarshe kuma a zamanin Takitus (275 zuwa 276). Iskandariyya ce ta yi saura, sulenta ya ƙanƙance ya koma kusan rabin nauyinsa na farko, har Diyokiletiyan ya haɗe kuɗin daula ya zama iri ɗaya kafin shekarar 300.

Masu Tarawa

Tara tsofaffin sulalla ya fara bunƙasa a Turai tun ƙarni na 14. Mawaƙin Italiya Petrarch yakan sayi waɗanda manoma suka tono, kuma a 1354 ya ba Sarki Charles na Huɗu kyautar wasu, domin ya yi koyi da sarakunan da ke jikinsu. A ƙarni na 17 Bafaranshe Jean Foy-Vaillant ya yi ta yawo yana sayo wa Sarkin Faransa sulalla. An ruwaito cewa bayan 'yan fashin teku na Aljeriya sun taɓa kama shi a 1674, da ya hango wani jirgin nasu a hanyarsa ta komawa gida, sai ya haɗiye sulallan zinariya kimanin 20 domin kada a raba shi da su. Wanda ya mayar da sha'awar ta zama ilimi shi ne Joseph Eckhel na birnin Biyana, wanda ya fitar da aikinsa mai juzu'i 8 daga 1792 zuwa 1798, ya jera sulalla bisa ƙasa da gari.

Duk da haka, sulallan larduna sun daɗe suna zaman 'yan bora. Masu son kuɗin Girka na dā suna ganin ba su da kyan sassaƙa, masu son na Roma kuma suna ganin na ƙauye ne. Mutane irin su Giovanni Dattari, wani Ba'italiye mazaunin Alƙahira, su ne suka riƙe su. A 1901 ya wallafa jerin sulallan Iskandariyya sama da 6,000 daga cikin abin da ya tara. A 1992 kuma Andrew Burnett da Michel Amandry da Pere Pau Ripollès suka fitar da juzu'in farko na babban kundin sulallan larduna baki ɗaya, aikin da daga baya gidan adana kayan tarihi na Ashmolean da ke Okasfod ya ɗora a intanet.

Kayan aikin mai tarawa kaɗan ne: ƙaramin sikeli, da ma'aunin faɗi, da gilashin ƙara girman abu, da kati da zai rubuta sarki da gari da nauyi da hannun da sulen ya fito. Ilimi ne ke da yawa. Dole ya bambance tsatsa mai kyau, wadda ta lulluɓe tagulla ta kare ta, da wata korar hoda mai cin ƙarfe, wadda gishirin ƙasa da danshi ke haddasawa. Wanda ya goge ta farko ya ɓata sule, wanda ya ƙyale ta biyu ya rasa shi. Dole kuma ya san jabu. Sulen da aka zuba a cikin mazubi yakan zo da ƙananan ramuka da kabu a gefe, saɓanin bugagge. Mafi haɗari shi ne sule na gaske wanda wani ya bi da ƙarfe ya sabunta rubutunsa ko ya canza shi, domin wannan shaidar zur ce aka sa a bakin mai gaskiya.

Abin da Ke Salwanta

Akwai kuma wata tambaya da ta fi waɗannan nauyi: daga ina sulen ya fito? Garin Dura, a bakin Furatu cikin ƙasar Siriya, sansanin sojan Rum ne da Farisawa suka ci. Masu haƙa daga Faransa da Jami'ar Yale sun tone shi a tsanake a shekarun 1920 da 1930. A cikin wani rami da aka haƙa ƙarƙashin ganuwa lokacin yaƙin, sun tarar da ƙasusuwan sojoji da kuɗinsu, kuma daga sulallan da aka samu ne aka gane cewa garin ya faɗi wajen shekarar 256. Sun kuma sami sulallan garuruwa masu nisa, na yankin Baƙin Teku da na kudancin Girka, waɗanda suka nuna hanyoyin da rundunoni suka biyo. Da a kasuwar gwanjo aka ga waɗannan sulalla, babu ko ɗaya daga cikin wannan bayani da za a samu. Abin takaici, hotunan tauraron ɗan'adam na tsakanin 2011 da 2014 sun nuna Dura cike da dubban ramukan ɓarayin kayan tarihi. Abin da suka kwashe zai iya bayyana a hannun wani, amma labarinsa ya tafi ke nan.

Domin magance irin wannan ne aka ƙulla yarjejeniyar hukumar UNESCO ta 1970, Masar kuma ta kafa doka mai lamba 117 a 1983 wadda ta haramta cinikin kayan tarihi. Wannan bai mayar da mai tarawa ɓarawo ba, domin akwai sulalla masu ɗimbin yawa da suka daɗe a hannun jama'a ta hanyar halal, kuma ba don irin su Dattari ba da ilimin bai kai inda ya kai ba. Sai dai ya ɗora masa nauyin tambaya kafin saye, da adana takardun asali, da buɗe wa masu bincike abin da ya mallaka. In babu mai saye a ɓoye, mai tono da dare zai ajiye diga.

Kammalawa

A cikin wannan muƙala mun ga yadda garuruwan da ke ƙarƙashin Rum suka sallama wa Kaisar fuska ɗaya ta kuɗinsu, suka riƙe ɗayar domin faɗin ko su wane ne. Mun ga kada ɗaure a Nim da kada sake a Iskandariyya, da akwati a kan ruwa a Afamiya, da fuskar da aka kankare a Sitaratonikiya. Kowanne daga cikinsu sai da aka san garinsa da shekararsa sannan ma'anarsa ta fito. Mutanen da suka yi cefane da waɗannan sulalla yawancinsu ba su bar littafi ba, ba su bar suna ba. Ɗan abin da suka bari shi ne wannan tagulla da hannuwansu suka siɗe. Wanda duk ta faɗo hannunsa, ɗalibi ne ko ma'aikacin gidan tarihi ko mai tarawa, ajiya aka ba shi, kuma wajibinsa ne ya miƙa ta ga na baya tare da sunan garinta da labarin inda aka same ta.